Tafin Hannun Auta

A gidanmu Mai Buroshi ake ce mini, kuma Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta laƙaba mini sunan. Ranar da ta ji irin aikin da nake yi sai da ta riƙe haɓa. "Wato duk karatun nan da aka sha wahalarsa, ƙarshensa ki shiga rafi kina goge wa duwatsu haƙora?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ba ƙarya ta yi ba. Buroshin haƙori shi ne kayan aikina na farko. Nakan zura dogon takalmin roba in shiga ruwa, in tsamo duwatsu, in goge santsin nan da ke jikinsu, in juye a kwalba in kai ɗakin bincike.

A cikin wannan santsin akwai wasu 'yan halittu dangin gansakuka da ido ba ya gani, ana kiransu dayatom. Kowace ɗaya tana zaune a cikin ƙwanso na gilashi, gilashi na gaske, da murfinsa da gindinsa kamar kwanon sha. Wasu 'yan gayu ne, ba sa zama sai a ruwa mai tsabta. Wasu kuwa ko oho, in ruwan kwata da na masai ya gangara rafi, nan ne kakarsu ta yanke saƙa, su yi ta hayayyafa. Aikina in dafa abin da na gogo a cikin asid har naman ya ƙone ƙwanso ya rage, in manna shi a kan ɗan fallen gilashi, in sa a madubin da ke ƙara girman abu sau dubu, in rarrabe su iri-iri in ƙirga. Waɗanda suka fi yawa su ke gaya maka halin ruwan. Sunayensu na littafi kuwa, kafin ka gama faɗar ɗaya shayinka ya huce, shi ya sa a ɗakinmu muke kiransu da kamanninsu, baka da kwale-kwale da allura da kulki. Shugaban ɗakin ne ya koya mini haka, wani dattijo da muke kira Ido Ɗaya in ba ya kusa. Shekarun da ya yi yana leƙen tsohon madubi mai ido guda sun sa ko gaisawa kuke yi sai ka ga ya kanne na hagu.

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa tambayata komai game da aikin ba sai wata Asabar da rana. Muna zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, ni kuma ina ta zuba, don bakina ba ya gajiya. Labarin wata laka nake ba ta da aka haƙo mana daga ƙasan tafki, muka sami ƙwansunan da suka girmi kakannin kakanninmu, lafiya ƙalau, ko tsagewa ba su yi ba.

"Ba sa ruɓewa?" in ji Inna.

"Ina fa, Inna. Gilashi ne."

"Ko lakar ta bushe?"

"Ko ta zama dutse."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ko a jikin bango?"

Nan take na gane bangon da take nufi.

Muna da ƙanwa, Auta. Ba ta cika shekara uku ba ta rasu, ni a lokacin ban daɗe da shiga makaranta ba. Baba magini ne, shi ya gina ɗakin Inna da hannunsa a shekarar, da tubalin ƙasa daga gaɓar rafin da ya ratsa bayan unguwarmu. Da ya gama yaɓe, Inna ta ce bangon ya yi mata kaushi. Ta sauka rafi da ƙwarya tana kwalfo taɓo mai laushin nan na sama-sama, ta shafe cikin ɗakin da shi har yana sheƙi. Tana cikin shafen Auta ta lallaɓo ta danna tafin hannunta a jikin ɗanyen bango, ta ruga tana ƙyalƙyala dariya. Inna ta ɗaga hannu za ta share, sai ta fasa.

Ba a jima ba famfon unguwa ya ɗauke. Rijiyar maƙwabta ta ja baya, abin da guga ke fitowa da shi ja ne kamar an dama ƙasa. Inna ta sauka rafi ta ɗebo mana, dukkanmu muka sha. Mu manya ko ciwon kai ba mu yi ba. Auta kuwa amai da gudawa suka kama ta, kafin a yi wani abin kirki a asibiti jikinta ya saki.

A wurin zaman makoki Gwaggo ta faɗi maganar da ta zauna a gidanmu sama da shekara talatin. Ta ce kowa ya san rafin ya ɓaci tun da aka soma gina unguwar sama, ƙiuya ce kawai ta hana Inna zuwa famfon bakin titi. Inna ta ce, "Wallahi Yaya, garau yake, ina ganin tsakuwar ƙasa." Abin da take maimaitawa ke nan duk lokacin da zancen ya taso, kuma Gwaggo ba ta barinsa ya kwanta. In yaro ya yi zazzaɓi a dangi sai ta ce, "A dai kula da ruwan da ake ba su," tana kallon gefe. Baba bai taɓa ɗora wa Inna laifi ba, bai kuma taɓa buɗe baki ya wanke ta ba har ya koma ga Allah. Ni wannan shirun nasa ya fi maganar Gwaggo yi mini ciwo, Allah ya gafarta masa.

Daga baya da aka sami hali aka kawo masu siminti. Suka kankare tsohon shafen Inna kaf don simintin ya kama, sai wurin hannun nan. Inna ta tsaya a gabansa ta ce sai dai su kankare ta tare da shi. Suka zagaye wurin suka bar shi, ita kuma ta buga ƙusa ta rataya wani tsohon farantin ƙarfe mai fure ta rufe. In tana shara takan ɗaga farantin ta duba, ta mayar.

"Ke da kike cewa kina karanta ruwa a jikin laka," in ji Inna a wannan Asabar ɗin, "ga ɗakin nan, da ƙasar rafin aka gina shi. Ki karanta mini. Ina son in sani kafin in mutu."

Na ce, "Haba Inna, wace irin mutuwa kuma ana zaune ƙalau?" Ta yi mini wani kallo, na tashi na ɗauko wuƙa.

A bayan ƙofa akwai inda simintin ya ɓalle, tubalin ya fito fili. Nan na kankaro kamar cokali guda na ƙulle a leda. Ranar Litinin na jiƙa shi, na dafa, na wanke, na manna a gilashi. Ido Ɗaya ya tafi hutu, ni kaɗai ce a ɗakin. Da na kafa ido a madubi sai da na ce, "Kai!" da ƙarfi. Baka ne birjik, masu lanƙwasa da layuka a jere kamar haƙoran mataji, da wasu sirara ƙanana da ba ka samunsu sai inda ruwa ke gudu a kan dutse mai sanyi. Na yi shekaru ina aikin nan ban taɓa ganin rafi mai tsabta irin wannan ba. Na ƙirga ɗari huɗu kamar yadda ƙa'ida ta ce, na ƙazanta ba su cika yatsun hannu ba.

Ko farar rigar aiki ban cire ba na kama hanyar gida. Tun daga ƙofa nake kira, "Inna! Inna, ruwan mai tsabta ne!"

Tana wanki. Ta tsame hannunta daga kumfa ta tsaya tana kallona. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauraye hannu, ta shiga ɗaki ta yafo mayafinta na zuwa unguwa, ta ce, "Mu je."

Gidan Gwaggo muka nufa. Muka same ta a tsakar gida a kan tabarma, matan 'ya'yanta suna ta hidima a gefe. Bayan gaisuwa Inna ta gyara zama ta ce, "Yaya, an duba ruwan da na ba Auta. Mai tsabta ne."

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "Mai Buroshi ce ta faɗa?"

"Madubi ne ya faɗa," in ji Inna.

Gwaggo ta taɓe baki ta ce Allah ya kyauta, ta kira wata ta kawo mana ruwa. Amma na ga kunyar da ta kama ta, kuma wallahi ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

A makon nan na ga wata Inna da ban sani ba. Ta kira mai kitso. Ta ci abinci har da ƙari. Na ji ta tana 'yar waƙa a madafa, muryar duk ta yi tsatsa don rashin amfani. Har zolayata ta yi, wai in samo mata buroshi ita ma ta shiga aikin, tunda ashe yana da rana.

Ido Ɗaya ya dawo hutu. Don in burge shi na ɗora masa gilashin ban ce komai ba. Ya daɗe a sunkuye yana murza madubin yana gyaɗa kai.

"Wannan rafin, a ba ni kofi in sha yanzu," in ji shi. "Ina kika samo shi, 'yata?"

Na kwashe labarin na ba shi, har da zuwanmu gidan Gwaggo. Ina magana fara'arsa tana raguwa.

"Daga jikin tubali kika ce?"

"E, Malam."

"Mahaifin naki, a ina ya haƙi ƙasar?"

"A gaɓar rafin. Ramin ma na tuna shi."

"Zurfinsa fa?"

Nan na gane inda ya dosa. Na tuna ina kai wa Baba abinci bakin ramin, in ya shiga ba ka hango komai sai hularsa.

Ido Ɗaya ya cire tabarau ya murje fuska. "Laka a hankali take kwanciya, wata kan wata, kin fi kowa sani. Abin da ke ƙasan rami mai tsayin mutum ya kwanta tun kafin a kafa gida ko ɗaya a bakin ruwan nan. Rafin kakan kakanki kika karanta. Na shekarar da kike nema yana can sama-sama, taɓon da bai wuce kaurin yatsa ba."

Na sani mana. Abu ne da ake koya wa ɗalibi a shekararsa ta farko. Da lakar wani ce aka kawo mini, tambayar da zan fara yi ke nan. Amma ina neman amsa guda, da na gan ta sai na rungume ta na ruga gida. Sauri ya haifi nawa.

"In akwai inda aka yi amfani da taɓon saman a lokacin," in ji shi, "shi ne zai yi magana. In babu, to ki ce ba a sani ba. Ita ma amsa ce."

Na ce to. Ban gaya masa cewa akwai ba, kuma a duk duniya wuri ɗaya ya rage.

Na yanke shawarar in ja bakina in yi shiru. Wa zai sani? Gwaggo ba ta san tubali daga taɓo ba. Inna tana cin abinci, tana barci. Amma ni ce na kasa cin nawa. Na riƙa dawowa daga aiki in wuce ɗakina sumsum, ni da ake roƙo in yi shiru a ji labarai a rediyo. Ba a yi nisa ba Inna ta tare ni da safe ina ɗaura takalmi.

"Ke, tun kina zanen goyo ban san ki da iya riƙe magana ba. Mene ne?"

Na yi ƙoƙarin kewaye-kewaye, ta ce in bar jan rai. Na gaya mata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wato ba a duba ba ke nan."

"An duba, Inna, sai dai ba na shekarar ba ne."

"Na shekarar yana ina?"

Na waiwaya wajen ɗakinta. Ta bi idona da kallo har kan farantin. Ta tashi ta sauke shi daga ƙusa.

Na daɗe ban ga hannun ba. Ɗan mitsitsi ne, bai kai rabin nawa ba. Yatsu biyar a buɗe, babban ya ɗan zame gefe inda ta fizge za ta gudu. Gefen wurin ya yi duhu ya yi santsi, inda yatsun Inna suke taɓawa shekara da shekaru.

Na ce, "Inna, don girman Allah ki bar shi. Ko me na gani a ciki, ba zai ce ga abin da ya kashe Auta ba. Su waɗannan ba sa kashe kowa. Iyakarsu su ce ƙazanta tana shiga ruwa ko ba ta shiga. Kwananta ne ya ƙare."

"Na san kwananta ne ya ƙare, ba ke za ki koya mini ba. Amma na taka da ƙafata na je gidan mutane na ce an duba. In ba a duba ba, ƙarya na yi."

"Ni na yi kuskuren, ba ke ba. Kuma Gwaggo ce fa! Matar da ta hana ki sakat tun ina yarinya!"

"Yayar ubanki ce, ki iya bakinki. Nawa kike bukata?"

"Ɗan kaɗan. Daga gefe."

"To ɗiba. In hannunki ba zai iya ba, ba ni wuƙar."

Na durƙusa. Na zaɓi can ƙasa, nesa da yatsun, na sa bakin wuƙa a hankali kamar mai cire ƙaya. Abin da ban lissafa ba shi ne shafen ya daɗe da rabuwa da bangon ta ciki, tsayuwa kawai yake yi. Wuƙar na taɓa shi na ji ɗan ƙas, sai tafin gaba ɗaya ya ɓallo. Inna ta tara zanenta, ya faɗa ciki ya dagargaje.

Na yi salati na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. A bangon yatsu huɗu suka rage da guntun babban, ƙasansu rami ne da jar ƙasa.

Inna ta daɗe tana kallon cinyarta. Sannan ta ce, "Kawo ledarki. Tunda ya faɗo, a yi abin da ya faɗo dominsa."

Ban yarda da idona ba a wannan karon. Na roƙi Ido Ɗaya ya ƙirga nasa daban, in ƙirga nawa. Ranar da na zuba garin a kwalbar dafawa na tsiyaya asid, ya yi kumfa ya tashi, sai da na fita waje na jingina da bango. Ido Ɗaya ya bi ni da kofin shayi, ya ajiye ya koma.

Ranar ƙirga Inna ta ce ƙafata ƙafarta. Ta ce wancan karon ji ta yi, wannan gani za ta yi. Ta shigo ɗakin binciken da sallama tana neman inda za ta tuɓe takalmi. Ido Ɗaya ya miƙe ya ba ta kujerarsa, suka gaisa ya kanne mata ido, ta waiwayo ta dube ni. Na raɗa mata cewa haka yake yi wa kowa, ba da wata manufa ba. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Tana zaune tana jira muka gama ƙirgar. Lissafinsa da nawa kusan ɗaya ne, kuma babu wanda ya iya kallon ɗan'uwansa. Na gyara mata madubin. Da farko ta rufe idon da ya kamata ta buɗe, sannan ta ce gashin idonta kawai take gani. Can sai ta gani.

"Ikon Allah," in ji ta a hankali. "Waɗannan ne?"

"Su ne."

"Masu kyau haka? Kamar 'yan kunne. Duk a cikin taɓon da na kwalfo da hannuna?"

"Duk a ciki."

"To nuna mini na ruwa mai tsabta."

Na murza na nemo mata baka ɗaya, sai da na ɗan yi yawo kafin in same shi. Ta ce ta gani.

"Na ƙazantar fa?"

Ban murza komai ba, don ba sai an nema ba. "Kin ga sirara masu tsini kamar allura? Da gajerun nan masu kai kamar kulki?"

Ta ci gaba da kallo. Ina ganin leɓenta yana motsi, ƙirga take yi. Ba ta yi nisa ba ta daina.

"Waɗannan sun fi yawa," in ji ta.

"E, Inna."

"Da nisa."

"E."

Ido Ɗaya ya gyara murya. "Baiwar Allah, wannan yana nuna ruwan kwata ya soma shiga rafin a lokacin. Iyakar abin da ya nuna ke nan. Bai ce ga wanda ya yi laifi ba."

Inna ta ɗago daga madubin, zoben ƙarfen wurin leƙawa ya bar mata shaida a gefen ido. Ta yi masa godiya. Sannan ta nuna gilashin da yatsa ta ce mini, "Sauran fa? Abin da ya rage na hannun?"

"Shi ke nan, Inna. Asid ya cinye sauran."

"Wannan yana lalacewa?"

Ido Ɗaya ya ce in ba a fasa shi ba zai fi mu daɗewa a duniya. A ƙa'ida gilashin ɗakin bincike ba ya fita, akwatinsa yake shiga. Shi da kansa ya zare shi daga madubin, ya goge man da muke ɗigawa a kai don a gani sosai, ya miƙa mata. A gefe akwai 'yar farar takarda inda muke rubuta sunan rafi, ban rubuta komai a kai ba. Inna ta naɗe shi a hankici ta riƙe a hannu.

Da muka fito titi na tare mota zuwa gida, ta ce ba can za mu ba.

"Ina kuma?"

"Gidan Gwaggonki. Na faɗa mata magana a gaban surukanta, a gabansu zan janye."

Raina ya ɓaci har na manta a titi muke. Na ce wallahi ba za ni ba, in ta ga dama ta kai wa Gwaggo wuƙa ta ce ga wuyana. Na ce shekara talatin tana cin namanki ba hujja, yanzu ke da kanki za ki kai mata hujjar? Inna ta bar ni na gama haƙilona, mai mota yana ta danna ƙaho. Ta ce, "Kin gama? To shiga."

Gwaggo tana nan inda muka bar ta, a kan tabarma, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. Surukan suka gaishe mu suka ƙi tafiya, kowa ta sami abin yi a kusa. Inna ta zauna a gefen tabarmar.

"Yaya, maganar da na zo na faɗa miki, ba haka take ba. An yi kuskure wurin ɗiba. An sake dubawa da na ainihi. Ruwan ya ɓaci, kamar yadda kika ce."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Ai dama ruwa ba ya tsami banza. Ni na san..." Sai idonta ya kai kan hankicin. "Mene ne wannan kuma?"

"Shi ne abin da aka duba. Taɓon ɗakina ne, inda Auta ta sa hannu."

"Hannun nan na bayan faranti?"

"Shi. Ya faɗo."

Gwaggo ta dubi Inna, ta dube ni. Duk dangi sun san abin da Inna ta yi da masu siminti a kan wannan wurin. Ta miƙo hannu, Inna ta warware hankicin ta ba ta. Ta riƙe gilashin da yatsu biyu ta ɗaga shi sama saitin rana. Ta juya shi, ta matso da shi kusa da ido, ta nisanta shi. Ta kira babbar surukarta ta ce ta zo ta duba, wai ita idonta ya tsufa. Ita ma ta leƙa ta girgiza kai.

"To ina ƙazantar?" in ji Gwaggo, a fusace kamar an yi mata wasa da hankali. "Ni ban ga komai ba. Garau yake."

"Haka ni ma na gan shi, Yaya," in ji Inna.

Har mai wanke kwanuka ta tsaya. Gwaggo ta sauke hannunta a hankali ta ɗora gilashin a cinya. Ta kama bakin mayafinta ta goge shaidar yatsunta daga jikin gilashin, ta goge ɗaya gefen, ta sake gogewa. Sannan ta miƙa wa Inna da hannu biyu.

Ba ta ce a yafe mata ba, Inna ma ba ta jira ba. Muka yi sallama muka fito.

A gida Inna ta shiga ɗaki, na tsaya a bakin ƙofa. Farantin yana ƙasa inda ta ajiye shi tun ranar. Ta tsaya a gaban yatsun nan huɗu, ta sa hankicin a cikin ramin da tafin ya bari, ya zauna daidai. Ta ɗauki farantin ta mayar kan ƙusa, ta gyara masa zama. Da ta juyo ta gan ni ta ce in ɗora ruwa a wuta, kanta yana ciwo.